Balan-balan Ɗin Robar Asibiti: Inda Ya Kamata Masana'antun Nijeriya Su Fara

Daga cikin kayayyakin aikin asibiti da Nijeriya ke kashe kuɗaɗen musaya na ƙasashen waje wajen shigo da su, akwai wani ɗan ƙaramin abu da ba kasafai ake ambatonsa a tarurrukan masana tattalin arziki ba, wato siririn bututun nan da jama'a suka fi sani da robar fitsari. A kusa da bakin wannan bututu akwai ɗan balan-balan da ake cikawa da ruwa mai tsabta bayan an zura shi cikin mafitsara, kuma shi ne ke riƙe bututun kada ya zame. Kusan duk wanda ake amfani da shi a asibitocin ƙasar nan daga Sin ko Indiya ko Malesiya yake zuwa, alhali kuwa itacen da ake tatsar ruwan robar da ake yin sa yana nan tsaye a jihohin Edo da Delta da Ondo da Ogun da Kuros Riba. Idan har da gaske ake yi game da ƙera kayan asibiti a cikin gida, to wannan ɗan balan-balan yana cikin abubuwan da suka fi cancanta a fara da su.

Tarihin wannan sana'a ya nuna cewa ba da manyan injuna ta soma ba. Wani likitan mafitsara na Amurka mai suna Frederic Foley shi ne ya tsara bututun fitsari mai balan-balan a shekarar 1929, ya ci gaba da kyautata shi a shekarun 1930. Har yau bututun da sunansa ake kiran sa, amma takardar mallakar fasahar ta faɗa hannun wani ma'aikacin kamfanin roba na Davol, wanda hakan ya nuna tun wancan lokaci cewa mai iya sarrafa roba shi ke kwashe ribar. A farkon shekarun 1960 Thomas Fogarty ya ɗaura yatsan safar hannu ta roba a bakin wani bututu domin jawo gudan jini daga cikin jijiya. Sannan a ranar 16 ga watan Satumba na shekarar 1977, likita Andreas Gruentzig ya buɗe jijiyar zuciyar wani majinyaci da ta toshe a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ta hanyar hura balan-balan a cikinta, kuma a kan teburin ɗakin girkin gidansa ya riƙa haɗa samfuran farko.

Daga wannan tarihi ne sana'ar ta rabu gida biyu, kuma wajibi ne masu tsara manufofin masana'antu su fahimci bambancin. Gida na farko shi ne na balan-balan mai jure matsi mai tsanani, irin wanda ake buɗe jijiyoyin zuciya da shi. Ana yin sa ne da nailan ko dangoginsa na robar da ake samu daga man fetur. Da farko inji zai fitar da siririn bututu mai kauri bai ɗaya, sai a saka guntunsa cikin mazubin ƙarfe mai zafi, a ja shi ta ɓangarorin biyu, a hura masa iskar naitirojin har ya ɗauki siffar mazubin. Daga nan a manne shi a jikin dogon bututu, a naɗe shi kamar lema domin ya iya ratsa jijiya. Kaurin fatarsa bai kai na silin gashi ba, amma wasu nau'o'insa kan jure matsin da ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau goma. Kuskure ƙanƙani a wurin zafi ko ja yana iya sa ya fashe a cikin zuciyar ɗan Adam.

Irin wannan aiki ya taru ne a wasu 'yan wurare na duniya, kamar Amurka da Kosta Rika da birnin Galway na ƙasar Ailan, inda kamfanonin Boston Scientific da Medtronic ke da manyan masana'antu. Waɗannan wurare sun shafe shekaru masu yawa suna tara injiniyoyi da ƙananan kamfanonin da ke ba su kayan aiki. Bugu da ƙari, asibitocin Nijeriya da ke da ɗakin buɗe jijiyar zuciya ba su da yawa, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Duk ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a wannan fanni a yanzu zai tarar da kasuwar cikin gida ta yi masa kaɗan, kasuwar waje kuma tana hannun waɗanda suka riga shi nisa.

Gida na biyu shi ne na balan-balan mai laushi, wanda ake yi da ruwan roba ko silikon, kuma robar fitsari a nan take. Hanyar yin ta ta yi kama da ta yin safar hannu. Ana tsoma siririn ƙarfe mai siffar bututun cikin ruwan roba sau da dama har kaurin ya kai yadda ake so, a bar wata ƙaramar kafa a gefe wadda ruwan cika balan-balan zai bi, sannan a yi wa wurin balan-balan ɗin wata fata ta daban wadda ba ta manne da jikin bututun ba. Bayan haka a wanke shi sosai domin rage sinadaran da ke sa jikin wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi, a gasa shi ya yi ƙwari, a hura balan-balan ɗin a tabbatar ba ya yoyo, a rufe shi cikin leda, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa da iskar etilin oksaid. Yawancin irin wannan balan-balan mililita 5 zuwa 10 na ruwa yake ɗauka, akwai kuma mai ɗaukar 30. Aiki ne mai bukatar tsabta da natsuwa da hannuwa masu yawa, kuma bai fi ƙarfin ma'aikacin Nijeriya da aka horar ba.

Ta fuskar kasuwa kuwa, babu wata tantama. Babu babban asibitin da zai wuni bai sa wa wani robar fitsari ba, tun daga dattijon da fitsari ya tsaya masa har zuwa matar da za a yi wa aiki a ciro jariri. Matan da aka yi wa gyaran yoyon fitsari sai sun yi kwanaki da ita kafin ɗinkin ya kama. Likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan wanda ya daɗe yana aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, ya nuna cewa idan aka gaggauta sa wa mace roba da zarar yoyon ya fara, wasu ƙananan ɓulolin kan warke ba tare da tiyata ba. Har ila yau ana amfani da balan-balan ɗin wajen tayar da naƙuda, kuma a Bangladesh likita Sayeba Akhter ta fito da dabarar ɗaura kwaroron roba a bakin bututu a cika shi da ruwa cikin mahaifa domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duniya baki ɗaya. A ƙasar da ke cikin wannan hali, bai kamata samun irin wannan kaya ya dogara ga farashin dala ba.

Abin takaici, a kan farashin dalar ya dogara. Lokacin da aka saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar 2023, dala ɗaya ba ta kai Naira 500 ba a kasuwar hukuma, amma kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Duk kayan asibitin da ake shigowa da su sun bi sahu, kuma da yake a asibitoci da dama dangin majinyaci ake miƙa wa takarda su je su sayo, nauyin a kan talaka ya sauka.

To me ya hana a yi ta a gida, tunda ga roba ga kasuwa? Amsar farko tana gonar roba. Ruwan da ake tatsa daga itacen kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai roba, kuma yana daskarewa cikin 'yan sa'o'i idan ba a zuba masa amoniya ba. Masana'antar bututu na bukatar a kawo mata shi yana ruwa, an tace shi da inji har robar ta kai kashi 60 cikin ɗari. Akasarin manoman ƙasar nan kuwa barin sa suke yi ya daskare a cikin kofi, a sayar da curin ga kamfanonin da ke niƙa shi su matse su fitar waje domin yin taya. Saboda haka robar da ƙasar nan ke da ita, a siffar da ake sayar da ita, ba za ta shiga injin yin robar fitsari ba. Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya da ke Iyanomo kusa da Binin, wadda aka kafa tun shekarar 1961, ita ce ya kamata ta jagoranci haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya domin tattara ruwan roba mai tsabta.

Amsa ta biyu tana cikin darasin Malesiya. Ita ma da ɗanyen kaya take fitarwa, sai ta jawo kamfanoni irin su B. Braun na Jamus, wanda ya kafa masana'anta a Penang a shekarar 1972, ta kuma horar da jama'arta har ta zama jagaba wajen yin safar hannu da bututun asibiti na roba. A yau ma daga Tailan take sayen wani ɓangare mai yawa na ruwan robar da masana'antunta ke sarrafawa. Wannan ya nuna cewa ƙwarewa da amincin masu saye sun fi mallakar itace muhimmanci. Nijeriya, wadda a da take kan gaba a noman roba a Afirka kafin Kodebuwa ta yi mata nisa, ta ga rufewar masana'antar tayoyi ta Michelin a Fatakwal a shekarar 2007, ta Dunlop kuma a Legas ta biyo baya a 2008, kuma tsadar wutar lantarki da kwararowar kayan waje na cikin dalilan da aka bayar.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki wasu matakai da suka cancanci yabo. A shekarar 2023 ta kafa wani shiri na musamman a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa domin bunƙasa sarrafa magunguna da kayan asibiti a cikin gida, sannan a watan Yuni na 2024 aka sanya hannu a kan umarnin ɗauke harajin kwastan da na kayayyaki daga wasu injuna da ɗanyun kayan wannan fanni na tsawon shekaru biyu. Sai dai rangwamen haraji shi kaɗai ba ya riƙe masana'anta. Masana'antar sirinji ta Jubilee da aka buɗe a Onna ta Jihar Akwa Ibom a shekarar 2017, wadda aka yi ta alfahari da girmanta, ta sanar da dakatar da aiki a farkon shekarar 2024. Mai son zuba jari a robar fitsari zai dubi wannan kafin ya dubi kowace takardar gwamnati.

Akwai masu ganin cewa tunda kayan Sin da Indiya suna da araha, ɓata kuɗi ne a yi gasa da su, kuma duniya na karkata zuwa silikon saboda ya fi daɗewa a jiki ba tare da damun majinyaci ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce dalilin da ya sa bai dace a yi gaggawar hana shigo da kaya ba, domin hanin da ya riga masana'anta tsayuwa majinyaci kawai zai cutar. Amma arahar kayan waje takan gushe duk ranar da Naira ta faɗi, kuma annobar korona ta shekarar 2020 ta nuna yadda ƙasashe ke riƙe kayan asibitinsu idan ta ɓaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dangane da silikon kuwa, ɗakin aiki mai tsabta da na'urar kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikatan da suka saba da gwaji duk za su yi amfani ranar da masana'antar ta shirya matsawa gaba.

Abin da ake bukata daga hukuma a fili yake. Kamata ya yi asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya su haɗa bukatunsu wuri guda, a ba masana'antar da ta cika sharuɗɗa kwangilar saye ta shekaru da dama, a kuma riƙa biyan ta a kan kari, domin da irin wannan takarda ce Bankin Masana'antu da sauran bankuna za su yarda su ba da rance mai dogon zango. Ya kamata kuma a kafa cibiyar kashe ƙwayoyin cuta ta haɗin gwiwa a yankin masana'antu mai tsayayyar wutar lantarki, wadda masu yin sirinji da safar hannu da bututu za su riƙa biya suna amfani da ita, tunda kafa ta ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani guda. Ita kuma hukumar NAFDAC wajibi ne ta auna kayan gida da na waje da mudu ɗaya, domin balan-balan ɗin da ya ƙi sacewa a cikin mafitsara ko ya fashe zai zubar da mutuncin masana'antar gaba ɗaya a idon likitoci.

Itacen roba yana ɗaukar kimanin shekaru bakwai kafin a fara tatsar sa, kuma horar da ma'aikatan da likitoci za su amince da aikinsu ba zai kasa hakan da yawa ba. Jihohin da ke noman roba da ma'aikatun lafiya da na masana'antu su ne ke da alhakin zama teburi guda su fara wannan lissafi tun yanzu, tun daga kofin manomi a Edo har zuwa gadon majinyaciya a Katsina.