Sharhi: Iya aiki ko kyan hali, wanne ya fi jan ƙuri'a a Najeriya?

A duk kakar zaɓe 'yan takara kan baje kolin tituna da asibitocin da suka gina, sai dai sakamakon zaɓukan shugaban ƙasa uku na baya-bayan nan ya nuna cewa hankalin mai zaɓe ya fi karkata ga mutumin da kansa.

A 2015 marigayi Muhammadu Buhari ya kayar da shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, da ƙuri'u miliyan 15.4. Babban jarinsa shi ne laƙabin "Mai Gaskiya". Jama'a da dama ba su tsaya bin diddigin manufofinsa na tattalin arziki ba, domin a ganinsu wanda ba ya taɓa dukiyar al'umma zai iya gyara saura.

Shekara guda bayan nan tattalin arziki ya durƙushe, farashin abinci ya tashi. Duk da haka a 2019 ya sake lashe zaɓe da ƙuri'u miliyan 15.2, ko muhawarar 'yan takara bai halarta ba. Magoya bayansa sun ɗora laifin tsadar a kan na kusa da shi, suka bar masa amanarsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Auna ƙwarewa na buƙatar nazarin kasafin kuɗi da rahoton mai binciken kuɗi, takardun da ba sa kaiwa ga talaka. Hali kuwa ana ganinsa a wajen ta'aziyya, ana jinsa a lafazi, labarinsa kuma ya fi saurin yaɗuwa a kasuwa da majalisar unguwa.

A 2023 Bola Tinubu ya gina yaƙin neman zaɓensa kan ayyukan da ya yi a matsayin gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007. Ya yi nasara da ƙuri'u miliyan 8.8, amma a Legas ɗin Peter Obi ne ya zo na ɗaya, wanda matasa suka so saboda sunan da ya yi na tsimin kuɗin gwamnati. Ƙabila da addini ma sun taka rawa.

A zaɓen 2027 ma'aunin zai matso kusa da gida, domin cire tallafin man fetur da aka sanar a ranar 29 ga Mayu, 2023, mataki ne da kowane magidanci ke iya lissafa tasirinsa daga kuɗin mota da farashin mudun shinkafa.