Ba Mai Saye Ne Ya Tsaga Ta Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sayar da kwamfuta, daga titin Beirut a Kano har ƙananan shagunan Gumel: kaya in ya bar shago, ya zama na mai shi. Ɗalibi zai tara kuɗi da ƙyar ya sayi laftof, ba a yi wata biyu ba sai ga tsaga a jikin robar, daidai gindin murfi. In ya koma sai a ce "ai kai ka yar da ita", ko "zafin garinku ne". Abin takaici, shi ma sai ya yarda, 'yan'uwa su ce ya yi haƙuri, tsautsayi ne. Wannan ba tsautsayi ba ne, kuma haƙurin nan shi ke ɗaure wa cuta gindi.

Duk mai gyaran da ya taɓa kwance laftof ya san inda matsalar take. Ƙarfen da ke riƙe murfin an ɗaure shi ne da ƙananan notina a cikin siririyar roba. Ƙurar hunturu ta shiga, ƙarfen ya yi tauri, kowace buɗewa yana fizgar robar har ta dare. Tsagar faɗuwa daban take, a kusurwa take fitowa, da tabon bugu. Wadda ta taso daga gindin murfi kuwa aibi ne na ƙira, ko tsohon rauni da aka liƙe da gam kafin a ɗora kayan a kanta. Ko kamfanin Apple, da farar MacBook ta roba wadda ya fitar a 2006 ta riƙa tsagewa a inda ake ɗora hannu, canza wa mutane da yawa ya yi kyauta.

Batun zafi kuma hujja ce a kan mai sayarwa, ba a kan mai saye ba. Wanda ya kawo kaya ƙasar Gumel ya san yadda rana take a watan Afrilu. In ya san robar ba za ta jure ba, me ya hana shi faɗa kafin ya karɓi kuɗi?

Za a ce ai yawancinsu na gwanjo ne, garantin kamfani ya ƙare tun a Turai. Gaskiya ne. Amma ƙarewar garantin kamfani ba ta wanke wanda ya sayar. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara, a canza, ko a biya shi. Tun kafin ita, fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure ya ba mai saye zaɓin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma ke shigowa daga Nijar. Dillali ba a banza yake cin la'ada ba: shi ne shaida, shi ake kamawa in ciniki ya zo da matsala, kuma akwai shugabannin kasuwa da ake kai wa ƙara. Yaya za a ce cinikin shanu yana da mai tsaya masa, na kwamfutar da yaro zai yi karatu da ita ba shi da kowa?

Nan ne nake ganin gajartar yadda muke magana a kan yankin ciniki maras shinge na Maigatari. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki ake zancen rumbuna da masana'antu da masu zuba jari. Da wuya ka ji an tambaya: mutumin Sule Tankarkar ko Gagarawa, ko baƙon da ya tsallako daga Damagaram, in kayan da ya saya suka lalace, ina zai kai kuka? Kano ko Legas? Kuɗin mota da asarar yini kaɗai sun isa su sa ya haƙura, kuma mai shago ya san da haka.

Abin da nake nema ba ya buƙatar biliyoyi. Ƙungiyar masu sayar da waya da kwamfuta ta wajabta rasit mai ɗauke da lambar na'ura, da halin da jikinta yake ciki ranar ciniki, da adadin kwanakin garanti a rubuce. Ta ware masu gyara amintattu da za su duba tsaga su faɗi ko ta faɗuwa ce ko ta ƙira. Duk wanda zai buɗe rumbun kayan lantarki a yankin Maigatari kuma, a sa masa sharaɗin wurin karɓar gyara a Gumel kafin a ba shi izini.