Jama'ar Babban Mutum, a daina jiran yaro ya buɗe baki da kansa

"Ƙyale shi, nauyin baki ne. Ubansa ma sai da ya shekara huɗu." Da wannan magana ake sallamar uwa idan ta kawo kukan ɗanta ya wuce yaye bai ce "mama" ba. Sai ta yi shiru, a shiga jira. Ranar da aka kai shi makarantar allo, malam ya biya masa ya kasa maimaitawa, sai a ce ai bebe ne, haka Allah ya yi shi. Jama'a, wannan jiran ne nake roƙon mu bari.

Yaro da kunne yake koyon magana. Abin da bai ji ba, ba zai faɗa ba. Kuma a shekaru ukun farko ƙwaƙwalwarsa ta fi ɗaukar harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa masana suka tsara a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimakonsa kafin wata shida. Gwajin ba allura, ba zafi: 'yar na'ura ake sa masa a kunne yana barci.

Abin da ke kurmantar da yaranmu ba baƙo ba ne. Dattawa ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe mutum fiye da 11,000 a arewacin Najeriya, ya bar wasu da yawa ba ji. Akwai ƙyanda, akwai hangum, akwai shawarar da ke mayar da idon jariri rawaya a makon haihuwa. Ga kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni ana ɗiga masa mai a gida, ga allurai irin su jentamaisin da ake yi ba da umarnin likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurmantar yara ana iya hana shi. Ashe katin riga-kafin da ke ƙasan adaka yana tsare kunne, yana tsare baki.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa sani. Jaririn da aka yar da kwano kusa da shi bai zabura ba, ɗan shekara da ba ya gwalantu kuma ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ɗan shekara biyu da bai haɗa kalma biyu ba, ko wanda ya fara magana ya daina bayan zazzaɓi: kada a kai wata mai zuwa ba a kai shi asibiti ba. Maigida, kuɗin mota zuwa Baure ko Daura bai kai kuɗin ragon suna ba. Idan an tura ku gaba, akwai likitocin kunne a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da na Malam Aminu Kano, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A yi addu'a, a kuma hau mota.

Wanzamai, da girmamawa nake faɗa: aska a ƙarƙashin harshe ba ta buɗe kunnen da ba ya ji. Ku da ungozomai kuke fara ganin jariri. Ku zama masu cewa "a kai shi asibiti".

Aikin masu gyaran magana ba tsafi ba ne, kuma rabinsa uwa suke koya wa. Ta durƙusa daidai fuskar yaro don ya ga leɓenta. Ta ambaci abin da ke hannunsa: ludayi, ƙwarya, fura. Ta dakata, ta ba shi dama ya amsa. In ya ce "ruwa", ta ce "ruwa sanyi", ta ɗora masa kalma ɗaya bisa tasa. Wannan ba ya cin kwabo, ana yinsa a bakin murhu. Mai in'ina kuwa, a daina kwaikwayonsa, a daina ƙarasa masa zance, a daina tsawa. Wanda ba ya ji sam, maganar hannu harshe ne cikakke. A fara da shi tun yana goye, duk gidan su koya, kada a bari sai ya isa zuwa makarantar kurame ta Malumfashi kafin ya sami mai yi masa hira.

Gaskiya ce, masu wannan sana'a kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. To mu nema! A Janairun 2019 ɗan Daura, Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Ƙasar Daura da ta haife shi bai kamata ta zo a baya ba. Masu unguwanni da dagatai su kai wa hakimi, hakimi ya kai fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar. Shugabannin ƙananan hukumomin Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua da Daura su sa a koya wa ma'aikatan ɗakin shan magani tambayar uwa game da ji da maganar ɗanta duk ranar awo. A samar da na'urar gwajin kunnen jarirai a inda ake haihuwa, a ɗauko mai gyaran magana ya riƙa zuwa ko da sau ɗaya a wata. Limamai kuma, a ba wannan zance huɗuba guda kafin zafin bazara ya shigo da sanƙarau.