Zauren Uwargida: Hattara Da Masu Cinikin Ciki Da Soyayyar Intanet

  

A wannan watan za mu ɗan ajiye zancen girki da kwalliya, mu leƙa wata masifa da ta game duniya, wadda kuma wayar da ke hannunmu ta kawo ta har ƙuryar ɗaki. Ina nufin gungun 'yan damfara na ƙasa da ƙasa, waɗanda suka mayar da abubuwa biyu mafi soyuwa a zuciyar 'ya mace hajar kasuwa, wato haihuwa da soyayya. Kada wata ta ce ai sai sakarai ake damfara. Likitoci da malaman makaranta da manyan 'yan kasuwa sun faɗa wannan rami. Waɗannan mutane ba wauta suke nema ba, buƙata suke nema. Inda duk suka ga mace tana kukan rashin ɗa, ko tana kukan rashin mai sauraronta, nan suke kafa tarko.

KASUWAR CIKI

Mu fara da abin da ake kira aron mahaifa ko hayar mahaifa. Shi ne a haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a asibiti, a dasa a mahaifar wata macen daban, ta yi goyon cikin wata tara, idan ta haihu ta miƙa jaririn a biya ta. Wasu ƙasashen sun halatta shi da sharuɗɗa, wasu sun hana. To a tsakanin wannan halatci da hani ne 'yan damfara suka samu gindin zama.

A watan Agustan 2023 'yan sandan ƙasar Girka suka kai samame wani shahararren asibitin haihuwa a garin Haniya da ke tsibirin Kirit, suka kama manyan ma'aikatansa. Zargin da aka yi musu shi ne sun kwaso matalautan mata fiye da 160 daga ƙasashe irin su Moldoba da Romaniya da Jojiya da Albaniya, suna ajiye su a gidaje ƙarƙashin tsaro, ana kwasar ƙwansu ko a sa su goyon ciki. Har ila yau an zarge su da karɓar kuɗin wasu ma'auratan a kan an yi musu dashen ciki alhali ba a dasa komai ba. Ma'aurata daga nesa, har da Ostireliya, sun zuba dubban Yuro, wasu kuma suka wayi gari ba su da ikon ɗaukar jariran sai an yi gwajin ƙwayar halitta an tabbatar da ɗan wane ne.

A ƙasar Kambodiya kuwa, wadda ta haramta wannan ciniki tun 2016, an kama mata 24 a wani gida a lardin Kandal cikin watan Satumbar 2024, guda 20 'yan Filifin, 4 'yan Biyetnam. Ta intanet aka yaudaro su. Goma sha uku daga cikinsu suna da juna biyu, kuma su ɗin ne kotu ta yanke wa hukuncin ɗauri a watan Disamba, kafin sarkin ƙasar ya yi musu afuwa a mayar da su gida. Ku duba fa, talaka mai ɗauke da cikin ita ce ta tsaya gaban alƙali.

A farkon 2025 kuma wasu mata uku 'yan ƙasar Tailan da aka ceto daga ƙasar Jojiya suka shaida wa manema labarai cewa talla suka gani a Facebook na aikin goyon ciki da albashi mai tsoka. Da suka isa sai aka karɓe fasfo ɗinsu, aka tsare su a gida tare da wasu mata da yawa, ana yi musu allurai ana kwasar ƙwansu kamar kajin gidan gona. Wadda ta ce za ta tafi sai a ce ta biya kuɗin fansar kanta.

Kada mu ɗauka abin na can nesa ne. A watan Nuwambar 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya fallasa wata damfara a jihar Anambra da ake kira ɓoyayyen ciki. Matar da ta daɗe ba ta haihu ba za ta je wurin wata mai kiran kanta likita, ta biya dubban ɗaruruwan Naira, a yi mata allura ko a ba ta abin sha. Ciki ya kumbura, jiki ya canza. Sai a ja mata kunne cewa kada ta kuskura ta je asibiti, wai na'urar hoton ciki ba za ta ga jaririn ba. Wata sai ta yi wata goma sha biyar tana goyon iska. Ranar da aka ce haihuwa ta zo sai ta sake biyan sama da Naira miliyan ɗaya na wani magani, a gusar mata da hankali, ta farka ta ga jariri a gefenta. Jaririn nan kuwa na wata yarinya ce marar galihu da aka tsare a wani gida har ta haihu aka raba ta da ɗanta. Ta zaurukan Facebook ake tallata wannan aika-aika, da shaidun ƙarya na matan da wai sun dace.

A ɓangaren addini malamai sun daɗe da yin bayani. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a zamanta na 1985, da takwararta ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na birnin Amman a 1986, sun hana a dasa ciki a mahaifar wata mace daban, saboda kare nasaba. Amma sun halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa, da ƙwanta da maniyyinsa, a mahaifarta, matuƙar akwai aure kuma akwai buƙata. Ashe ke nan ƙofar neman magani a buɗe take, ba sai an bi ta bayan gida ba.

SOYAYYAR DA BA MASOYI

Ɗaya hajar tasu ita ce soyayya. Saƙo ne zai shigo wayarki, ko a WhatsApp ko Facebook ko Instagram. Wani lokaci kamar kuskuren lamba, a ba ki haƙuri cikin ladabi, daga nan hira ta ƙullu. Hoton mutumin kirki ne mai kamala: likita a sansanin 'yan gudun hijira, ko injiniya a jirgin ruwa, ko ɗan kasuwa a Dubai wanda matarsa ta rasu ta bar masa marainiya. Idan ya lura ke mai addini ce, shi ma ya zama ustazu. Zai tashe ki sallar asuba, ya tambayi jikin mahaifiyarki, ya riƙe sunayen 'ya'yanki. Mako da makonni ba zai nemi ko sisinki ba.

Su kansu masu wannan sana'a a ƙasar Sin suna kiranta da sunan da ke nufin kiwon alade kafin yanka. Wato dai kiwata ki ake yi kamar ragon layya. Sai zuciya ta nuna sannan wuƙa za ta fito. Ko ya ce ya aiko miki da akwatin gwala-gwalai amma kwastan sun riƙe sai an biya kuɗin fito. Ko 'yarsa tana asibiti kuma an rufe masa asusu. Ko ya nuna miki wani shafin zuba jari na kuɗin intanet, ki sa kaɗan ki ga riba, har a bar ki ki cire, sai kin sayar da sarƙa da fili kin zuba sannan shafin ya rufe. Mafi muni shi ne wanda zai lallaɓa ki har ki tura masa hoton da bai dace ba, washegari ya juye ya ce ko ki biya ko ya tura wa maigida da dangi.

Wannan ba aikin wani ɗan iska guda a shagon intanet ba ne. Kamfanoni ne masu shugabanni da albashi da rubutaccen darasin abin da za a faɗa wa mace a rana ta farko da ta goma. A Amurka kaɗai, hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta ce a 2022 mutum kusan 70,000 sun kai ƙarar damfarar soyayya, asarar ta kai Dala biliyan 1.3. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kimanin 100,000 a Kambodiya da ake tilasta wa wannan aiki a gidaje masu katanga da masu gadi. Da tallan aikin ofis aka yaudaro su daga ƙasashe daban-daban, har da na Afirka. Wanda bai kawo kuɗin da aka yanka masa ba ya sha duka. Saboda haka mai rubuto miki kalaman nan masu sanyaya zuciya, ta yiwu bawa ne da ke rubutu da bulala a bayansa, ta yiwu ma mace ce 'yar uwarki.

A nan gida ma sun kafa sansani. A watan Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene mai hawa bakwai a unguwar Victoria Island da ke Legas, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40. Matasanmu ake ɗauka aiki, a ba su kwamfuta da lambobin waya na ƙasashen waje su fara jan hira, idan kifi ya kama ƙugiya sai iyayen gidan su karɓi ragamar. Ga mu iyaye a nan akwai abin lura: ɗanki ko 'yarki da ta samu aikin kwamfuta mai albashin ban mamaki, a gida ko a waje, ki tambaya ki ji wane irin aiki ne.

MAKAMINSU ƊAYA NE

Idan kun lura, 'yan uwa, mai sayar da cikin ƙarya da mai sayar da soyayyar ƙarya kalma ɗaya suke faɗa: kada ki gaya wa kowa. Wannan ta ce kada ki je asibiti, kada dangin miji su ji, za a yi miki baki. Wancan ya ce mu rufa wa kanmu asiri har sai na zo, maƙiya sun yi yawa. Sun san cewa ranar da kika buɗe baki kika gaya wa yayarki ko aminiyarki ta gari, ranar kasuwarsu ta watse. Sirrin shi ne jarinsu.

To me ya sa mace take yarda ta ɓoye? A nan ne laifin ya dawo kanmu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matar da ta shekara bakwai ba haihuwa, uwar miji tana yi mata gori, kishiya tana habaici da goyo, ƙannen miji suna kiranta juya, a gidan suna ana nuna ta da baki, yaya ba za ta miƙa wuya ga duk wanda ya ce zai share mata hawaye ba? Alhali sau da yawa matsalar ma daga mijin take, amma shi ba ya zuwa gwaji. Haka bazawarar da aka mayar abin zargi, da matar da maigida ya yi wata bai tambaye ta yaya ta kwana ba. Wanda bai samu ruwa a gida ba, ko na kwata aka miƙo masa sai ya kai baki. Wannan ba uzuri ba ne ga matar aure ta saki jiki da wani ƙato a waya, haramun haramun ne. Amma mu da muke tsaga bangon da harsunanmu, mu ma mu ji tsoron Allah. Haihuwa kyauta ce daga gare Shi, ba wayon kowa ba.

ABIN YI

Na farko, mai neman haihuwa ta tafi tare da maigidanta asibitin koyarwa ko wurin ƙwararren likitan mata mai rajista, a gwada su su biyun. Duk cikin da aka ce hoto ba ya ganinsa, ko aka hana ki zuwa awo, ba ciki ba ne.

Na biyu, kada ki tura kuɗi ko lambar asusu ko lambar sirrin da banki ya turo miki ga mutumin da ba ki taɓa gani ido da ido ba. Ko ya kira ki ta bidiyo kada ki sakankance, domin yanzu akwai manhajar da ke canza fuska da murya. Mai son aure da gaske ƙofar gida yake bi, ya aiko magabatansa.

Na uku, hoton jikinki amana ne. Abin da ya fita daga wayarki ya fita daga hannunki har abada.

Na huɗu, idan ƙaddara ta riga ta faɗa, kada ki biya mai yi miki barazana, domin in kin biya yau gobe ma zai dawo. Ki adana saƙonnin da shaidar tura kuɗin, ki sanar da bankinki nan take, ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. In kuwa batun safarar mata ne ko sayar da jarirai, hukumar NAPTIP aka kafa domin haka tun 2003. Ki kuma yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato miki kuɗinki in kin ba shi wani abu. Sau da yawa su ne dai suka sake shiga.

Na ƙarshe, idan 'yar uwa ta zo miki da irin wannan labari, ki rufa mata asiri, ki riƙe hannunta ku nemi mafita. Kada ki yi mata dariya, kada ki kai zancenta gidan biki. Tsoron dariyarmu ne yake sa mata da yawa su yi shiru har a tatse su ƙarƙaf. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba, Ya sanya albarka da tausayi a gidajenmu, Ya tsare mu da 'ya'yanmu daga sharrin azzalumai na kusa da na nesa, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan mai kowa mai komai Ya kai mu. Ku huta lafiya.