Saƙon da Ba a Fahimta Ba Bai Iso Ba



Da daminar nan wata ƙungiyar agaji ta liƙa fosta a bakin asibitin unguwarmu a kan cutar amai da gudawa. Mun tsaya mun karanta. A sama akwai tambarin ƙungiyoyi a jere, a tsakiya dogon Turanci, sai can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka rubuta abin da za a yi idan yaro ya kamu. Iyayenmu mata da ke layin karɓar kati hoton kawai suka kalla. Mu da muke ƙaramar sakandare ma sai da muka nemi ƙamus.

Ba muna raina aikin ƙungiyoyin nan ba ne. Suna haƙa rijiyar burtsatse, suna raba gidan sauro, Allah ya saka musu da alheri. Amma in kana da kyau ka ƙara da wanka. A ganinmu, abubuwa uku ne ke hana saƙonsu isowa.

Na farko harshe. Yawanci da Turanci ake rubuta saƙo, daga baya a juya shi zuwa Hausa, wani lokaci ma a waya. Tun 2013 Google Translate ya sa Hausa, amma har yanzu yakan kawo maganar da ba mu taɓa jin wani ya yi ba. Kuma ko kalmar ta zama daidai, ma'aunin yakan zama baƙo. An ce a zuba ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Wace uwa ce take da ma'aunin lita a madafa? Da an ce leda biyu ta fiya wata, mai rabin lita kowacce, da kowa ya gane nan take. Idan ruwan ya yi kaɗan, gishirin zai yi wa yaro yawa.

Na biyu ita kanta wayar. Malamin kwamfuta ya bayyana mana cewa saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70 kawai, domin da haruffan Turawa aka fara tsara shi. Don a rage kuɗi sai a jefar da lanƙwasar. To, ƙura da kura ɗaya ne? A ce wa mai tari ya guji kura, ai dariya zai yi!

Na uku tsari. Mai ɗauke da yaro maras lafiya ba ta da lokacin karanta tarihin ƙungiya. A fara da abin da za ta yi, sannan inda za ta je, sunan masu ɗaukar nauyi ya zo daga ƙarshe. Haka aka koya mana a wannan ƙungiya tamu ta 'yan jarida: babban labari shi ne a layin farko.

Wani zai ce Turanci ne harshen hukuma, kuma ba Hausawa kaɗai ke zaune a gari ba. Gaskiya ne. Ba mu ce a cire shi ba. A rubuta duka biyun, a ƙara da ajami saboda dattawa, a kuma aika da murya ta rediyo da WhatsApp saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Mu tuna cewa a 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda rashin yarda. Da malamai da sarakuna suka yi wa jama'a bayani da harshensu, aka ci gaba, har a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya.

Roƙonmu ga ƙungiyoyi shi ne, kafin ku buga fosta, ku karanta wa mata biyar a layin asibiti, ku tambaye su me suka ji. Mu kuma ɗalibai, mu sa allon rubutun Hausa a wayoyin gidajenmu, mu riƙa karanta wa iyaye da kakanni duk saƙon lafiya da ya shigo. Malamanmu na Hausa, ku taimaka mana mu sake rubuta waccan fosta, mu liƙa ta a wannan bango mako mai zuwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.