Raccah Rovers Ta Mutu, Wa Ya Je Jana'iza?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, yau ƙara na kawo muku, kuma iyayena nake ƙara.

Da hutun kakar bara na koma gida Maska. Bayan sallar isha'i na zauna a majalisar kawuna, sai aka ɗauko zancen tamaula. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, me kuka gani? Ƙwallo ta ƙare tun zamanin Raccah Rovers." Daga nan aka ɓarke da tuna baya. Wannan ya kawo Raccah ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978, wancan ya kawo Ranchers Bees ta Kaduna da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988. Aka dangana da ranar 22 ga Maris 1980, da Green Eagles suka lallasa Aljeriya uku da nema a Ikko, Odegbami ya jefa biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shagari ya miƙa kofi. Ni dai na sunkuyar da kai, don ba a musu da babba a gaban jama'a. Amma alƙalami ba ya jin kunya.

Ban ce ƙarya suke yi ba. An yi waɗannan wasanni, an kuma yi mazaje. Sai dai mai tuna baya kamar mai tankaɗe ne, gari yake riƙewa ya zubar da tsaki. Me ya sa ba a tuna 1977, da Godwin Odiye ya ci gida, Tunisiya ta hana mu zuwa gasar duniya? Ita wannan Aljeriyar fa, ba ita ce ta dawo Ikko a 1981 ta ɗura mana biyu ba ko ɗaya? Gwanayen da ake yi mana gori da su ba su taɓa taka gasar duniya ba, sai a 1994 'yan bayansu suka je. Kuma in za a faɗi gaskiya, yawancin dattawan nan a rediyo suka ji wasannin. Bakin mai sharhi suka gani, ba ƙafar ɗan wasa ba, shi kuwa mai sharhi ɗan'uwan maroƙi ne.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zargin da suke yi mana, wai mun watsar da namu mun tare a gidan kallo muna haƙilo a kan Arsenal da Barcelona. Haba Kawu! Mu muka kashe Raccah? Ba a ma haife mu ba ta shuɗe. A hannun wa ta cika? Da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, ta kuma ci gasar ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, mutum nawa a majalisar nan suka hau mota zuwa filin Sani Abacha? Ga Katsina United nan a jiharmu, na tambaye su sunan ɗan wasanta guda, aka yi tsit.

Ku zo ku ga ƙannenmu da la'asar. Ƙwallo ɗaya gare su, ta sha ɗinki har ta gaji, sandunan dalbejiya ne raga, rabinsu ba takalmi. Da suka zaga neman gudummawar riguna a lokacin da aka sayar da masara da auduga, aljihu cike, masu kukan Raccah ɗin nan ne suka kore su, wai tamaula aikin zauna-gari-banza ce. Ashe Muda Lawal daga sama ya faɗo? Shi ma wani ne ya saya masa takalmi.

Na bar wa yaran naira dubu biyu daga kuɗin motata na komowa makaranta. Kawu kuwa na aika masa da wannan mujalla, na san akwai mai karanta masa.