Aro Halas Ne, Ɓoye Mai Kaya Shi Ne Sata

Yau da mawaƙanmu na zamani nake, masu kukan cewa 'yan kwafi sun kashe masu kasuwa.

Ni dai ban taɓa ganin laifin mai aron kiɗa ba, don da aro waƙa take rayuwa. Makaɗin gargajiya daga amshi yake farawa, ya yi shekaru a bayan maigidansa, ya tashi da salonsa, kuma kowa ya san gidan da ya koya. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ɗauki kayan wani ya kankare sunansa.

Dubi abin da ya sami Manu Dibango na Kamaru. A 1972 ya yi "Soul Makossa". A 1982 Michael Jackson ya tsinci amshin waƙar ya sa a faifansa na Thriller ba sallama, sai da Dibango ya tada jijiyar wuya sannan aka sasanta da kuɗi. A 2007 Rihanna ta sake ɗaukar amshin nan, amma wajen Jackson aka nemo izini, ba wajen mai kaya ba! Dibango ya kai ƙara a Faransa a 2009, kotu ta ƙi karɓa. Wanda ya ji wannan sai ya ce Turawa azzalumai ne.

To mu fa? Waƙoƙin fina-finanmu nawa ne aka ɗauko karinsu daga na Indiya sukutum, aka canza baituka kawai? Matasa nawa ne suke yanko muryar Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, su ɗora a kwamfuta, su watsa a intanet da sunansu? Wa ya taɓa zuwa ya gaida iyalan mamatan, balle ya ba su ko sisi?

Kada wani ya ce ai kayan gargajiya ne, na kowa da kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999. Yi lissafi da kanka, mai karatu.

Malam mawaƙi, ka yi aro, amma ka nemi izini, ka ambaci suna, ka biya. In ka ƙi, ranar da aka kwafe taka ka yi mana shiru, don ɓarawo ba ya ƙarar ɓarawo. Allah ya sa mu gyara, amin.